Wayar da Ke Bayan Silin: Nasiha ga Samarin Ƙofar Ran

'Ya'yana masu koyon aikin haɗa kwamfutoci, maza da mata, na daɗe ina jin muhawararku a kan waya: wannan ya ce Cat6 ce magana, wancan ya ce an wuce nan, yanzu Cat8 ake yayi, wani kuma ya rantse cewa tun da ya sauya waya intanet ɗinsa ke tashi kamar walƙiya. Ina jin daɗin wannan gardama, domin alama ce ta kun damu da sana'arku. Sai dai akwai abubuwan da nake so ku zauna ku ji daga bakin wanda ya riga ku shiga silin.

Mu fara da abin da ke cikin rigar wayar. In ka yanka ta za ka ga silla takwas, an murɗe su biyu-biyu, tagwaye huɗu ke nan: ruwan lemo, kore, shuɗi da ruwan ƙasa, kowacce da abokiyarta fara mai ratsi. Wannan murɗi shi ne dukan hikimar. Tun 1881 Alexander Graham Bell ya yi rajistar dabarar a Amurka saboda wayar tarho. Duk wata hayaniyar lantarki da ta zo daga waje, daga wayar wuta ko injin fanka ko janareto, tana faɗa wa sillar biyu daidai wa daida saboda suna ta musayar wuri, sai na'urar da ke karɓar saƙo ta cire abin da ya zo iri ɗaya a kan duka biyun, ta bar saƙon. Kuma in kun lura, kowane tagwaye da irin matsin murɗinsa, don kada maganar wannan ta tsallaka cikin ta wancan. Duk lambobin nan da kuke gardama a kai, asalinsu ma'auni ne na yadda waya ke tsare wannan tsari har zuwa wani mizani na kaɗawar lantarki.

Ƙungiyar masana'antun sadarwa ta Amurka, TIA, ita ta fitar da ƙa'idar farko a 1991. A wancan zamani Cat3 ake ja, mai ɗaukar megabit 10 a daƙiƙa. Cat5 ta zo da megabit 100. Waɗannan biyun sun zama tarihi, in kun same su a tsohon ofis ku gaishe su ku wuce. Wadda ta rage a raye cikin tsofaffin ita ce Cat5e, kuma ina so ku daina raina ta. An auna ta a kan megahaz 100, tana ɗaukar gigabit guda, wato megabit 1000, har tsawon mita 100. Ƙa'idar gigabit a kan jan ƙarfe ta fito tun 1999. Abin da yawancinku ba su sani ba shi ne, a 2016 an fitar da wata ƙa'ida da ta ba Cat5e damar ɗaukar gigabit biyu da rabi a wannan tsawon, muddin na'urorin ɓangarorin biyu sun iya. Saboda haka in kun je makaranta ko asibiti kuka tarar da Cat5e ta gaske a bango, an ja ta da kyau, ba ta da ciwo, kada ku ce wa mai wurin sai an farke an sake. Kuɗinsa na da inda ya fi buƙata.

Cat6 ta zo a 2002, da megahaz 250. Sillarta ta ɗan fi kauri, murɗinta ya fi matsewa, kuma galibi za ku ga wata roba mai fiffike huɗu a tsakiya tana raba tagwayen. Gigabit guda wasa ne a wurinta, tana kai gigabit 5 a mita 100, tana ma iya gigabit 10 in tazarar ba ta wuce kimanin mita 55 ba, kuma wayoyin ba su cunkushe da juna ba. Sai Cat6A a 2008, megahaz 500, ita ce aka yi domin gigabit 10 a cikakkiyar mita 100. Tana da kauri, tana da taurin lanƙwasa, tana cika bututu da wuri, tana kuma cin kuɗi.

Cat7 da Cat8 kuwa, ga gaskiyar lamarinsu. Cat7 ƙa'ida ce ta hukumar ISO, TIA ba ta taɓa amincewa da ita ba, kuma an tsara ta da nata kai na daban, ba wannan RJ45 da kuke matsewa kullum ba. Duk wayar da kuka gani da kan RJ45 an buga mata Cat7, to ba za ta ba ku abin da ya wuce Cat6A ba, in ma ta kai. Cat8 gaskiya ce, tana ɗaukar gigabit 25 zuwa 40, amma iyakarta mita 30, domin an yi ta ne don manyan ɗakunan ajiyar bayanai inda na'ura ke kusa da na'ura. Akwai kuma wata da ake buga wa Cat6e. Babu wannan suna a cikin kowace ƙa'ida, 'yan kasuwa ne suka raɗa shi.

Yanzu ku bar kwalin waya, ku dubi aikin da ke gabanku a nan garin Bauchi. Daga Ƙofar Ran zuwa Wunti, su wa ke kiran ku? Mai shagon buga takardu da kwamfuta shida da firinta ɗaya. Makarantar da ke son ɗakin kwamfuta. Ɗakin shan magani da ke son kyamarar tsaro. Alhajin da ya sayi Starlink, wadda ta fara aiki a Najeriya a farkon 2023, yana son ta kai har ɗakin uwargida da zaure. Intanet ɗin da ke shigowa waɗannan wurare, ko ta layin waya ce ko ta tauraron ɗan'adam, ba ta kai gigabit guda ba. Waya ba ta ƙara abin da ba a ba ta ba. In megabit 40 ke shigowa gida, megabit 40 za ta isar, ko Cat5e ce ko Cat8. Haka nan in suwic ɗin da ke tsakiya na megabit 100 ne, ko ramin da ke bayan tsohuwar kwamfuta iyakarsa ke nan, to nan gudun zai tsaya. Kafin ku ce wa mutum wayarsa ce matsala, ku buɗe kwamfutar ku duba a kan nawa ta ƙulla da suwic. Minti ɗaya ne, kuma sau da yawa amsar na nan.

Inda gudun waya ke bayyana a fili shi ne tsakanin kwamfuta da kwamfuta a cikin gini ɗaya. Ku ɗauki masu haɗa bidiyon biki. Faifan gigabait 4 zai ci kusan minti shida kafin ya tsallaka a kan megabit 100, amma a kan gigabit bai fi daƙiƙa arba'in ba. Wanda ke kwashe irin wannan kaya wuni guda, shi ya san bambancin a jikinsa. Cibiyoyin jarrabawa kuwa buƙatarsu daban ce. Tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, kuma a ɗaki ɗaya za ka ga kwamfuta 250 duk an ɗaure su da waya zuwa uwar na'ura. A irin wannan ɗaki gudun da kowace kwamfuta ke buƙata kaɗan ne. Abin da ake buƙata shi ne kada ko ɗaya ta yanke. Yarinyar da ta taso daga Ningi ko Dass tun asuba, ta zauna ta fara amsa tambaya, sai allonta ya tsaya saboda kan waya ɗaya da aka matse da gaggawa, ita ba ta san sunanku ba, amma hakkinta na wuyanku.

Wannan ya kawo ni kan abin da ya fi damuna, wato algus. Ƙa'ida ta ce silla ta zama jan ƙarfe zalla. Amma kasuwa cike take da wayar da cikinta alminiyam ne, an yi mata shafen jan ƙarfe a waje, kamar ɗan kunnen da aka yi wa ruwan gwal: ranar saye yana ƙyalli, bayan damina ɗaya sai asalinsa ya fito. Masu gaskiya cikin masu yin ta suna buga CCA a jikin kwali. Marasa tsoron Allah kuwa sai su buga Cat6 da manyan baƙaƙe su yi shiru. Alminiyam na wuce da kusan kashi 61 ne cikin ɗari na wutar da jan ƙarfe mai kaurinsa ke wucewa da ita. Yana da saurin karyewa in an lanƙwasa shi, kuma in iska ta taɓa shi a bakin kai yana yin wata tsatsa fara da ke hana wuta wucewa. Irin wannan waya ba ta cika sharaɗin kowane aji ba, ko me aka rubuta a kanta.

Gane ta ba wuya. Kwalin waya mita 305 ne. Ku ɗaga shi: na jan ƙarfe zai ja muku hannu, na algus kuwa sakayau. Sannan ku roƙi mai shago ya yanko muku ɗan taƙi. Ku fere rigar, ku zaro silla ɗaya, ku cire robarta, ku kankare ta da reza. In jan ƙarfe ce, duk zurfin da kuka yi ja za ku gani. In ta algus ce, kankara biyu sai fari ya leƙo. Ko ku kunna mata ashana: jan ƙarfe zai yi baƙi ya tsaya a miƙe, alminiyam kuwa nan take zai langaɓe ya faɗi. Mai shagon da ya san kayansa ba zai hana ku wannan gwaji ba. Wanda ya ɓata rai kuwa, ku yi masa sallama cikin mutunci.

Na ga aikin wayar algus da idona a wata makaranta. An sa kyamarori, da rana duk suna aiki, da magariba ta yi sai na nesa su riƙa ɗaukewa suna dawowa. An sauya kyamara, an sauya suwic, an zargi mai gadi. Da muka hau muka yanko wayar muka kankare, sai ga fari tas. Dalili kuwa a bayyane yake: kyamarorin nan ta cikin wayar suke shan wutarsu, abin da ake kira PoE, kuma da dare suna kunna fitilunsu na gani cikin duhu, sai buƙatar wuta ta ƙaru, wayar ta cinye rabi a hanya. Ƙa'idar PoE ta farko a 2003 wat 15 ce da 'yan kai, ta 2009 ta kai wat 30, ta 2018 ta kai har wat 90. Kullum wutar da ake ɗora wa wayar nan ƙaruwa take yi, kuma wutar da ta ɓace a hanya zafi take zama, a cikin silin da babu mai gani. Shugaban makarantar ya biya kuɗin waya sau biyu. Araha ba ta ado.

Na san abin da za ku ce. Za ku ce, Baba, in na yi lissafi da jan ƙarfe, wani zai zo ya karya farashi ya karɓe aikin. Gaskiya ne, zai faru, kuma yana da ciwo ga yaron da ke neman na abinci. Abin da nake ba ku shawara shi ne ku riƙa yawo da guntaye biyu a aljihu, ɗaya ta gaske ɗaya ta algus, da reza. Ku kankare a gaban mai aiki, ku miƙa masa ya duba. Gani ya kori ji. Wasu za su zaɓi mai araha duk da haka, wannan kuma ra'ayinsu ne, ku rubuta a takardar lissafi irin wayar da aka sa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a karɓi kuɗin jan ƙarfe a sa alminiyam. Wannan tauye mudu ne, kuma kun san matsayinsa tun kuna makarantar allo.

Bayan ingancin waya sai hannun mai aiki. Ku ba ni Cat5e da aka haɗa da natsuwa, na bar muku Cat6A da aka yi wa riƙon sakainar kashi. In za ku sa kai, kada ku warware murɗin ya wuce milimita 13, wajen rabin inci. Ina ganin yara suna warware tsawon ɗan yatsa don jerawa ta yi sauƙi, ba su san sun zubar da abin da aka biya kuɗi dominsa ba. Ku riƙe jeri ɗaya a ginin gaba ɗaya. Wanda aka fi bi shi ne na B: fari mai ratsin lemo, lemo, fari mai ratsin kore, shuɗi, fari mai ratsin shuɗi, kore, fari mai ratsin ƙasa, ruwan ƙasa. Akwai masu cewa ai kowane jeri ya yi, in dai bakin nan ya dace da bakin can. Ƙaramar testa mai fitilu takwas za ta goyi bayansu, duk fitilun za su kama. Amma sun raba tagwaye, sun haɗa sillar wannan da ta wancan, kariyar murɗi ta tafi, kuma a doguwar tazara saƙo zai riƙa lalacewa ana sake aikawa. Testar nan tana gaya muku waya ba ta tsinke ba ne kawai. Ku kuma tuna cewa megabit 100 silla huɗu yake amfani da su, gigabit kuwa sai duka takwas. In kun ga layin da ya kamata ya ba da 1000 ya tsaya a 100, ku fara zargin silla ɗaya da ba ta zauna a kai ba.

Kada ku fizge waya in ta maƙale a bututu, ku koma ku ga abin da ya riƙe ta. Kada ku karya ta a kusurwa, ku ba ta lanƙwasa mai faɗi, aƙalla ninki huɗu na kaurinta. Kada ku buga mata ƙusa mai matsewa har ta shaƙe, kada kuma ku sa ta a bututu ɗaya da wayar wuta. In dole su haɗu, su gitta juna su wuce.

Akwai kuma abin da littattafan da kuke karantawa a makarantun Yelwa da Gubi da Gwallameji ba za su tsaya a kansa sosai ba, domin marubutansu ba su shiga silin ɗin Bauchi a watan Afrilu ba. Mita 100 da ake faɗa, mita 90 ce a bango da mita 10 ta gajerun wayoyin bakin kwamfuta da bakin suwic, kuma an yi lissafin ne a kan zafi digiri 20. Jan ƙarfe na ƙara taurin kai ga wuta in ya yi zafi. Ƙa'idar da kanta ta ce a digiri 40 a rage mita 90 ɗin nan zuwa wajen 84. To ƙarƙashin kwano da azahar a bazara ya wuce digiri 40 nesa ba kusa ba. Saboda haka ni ba na son ganin layi ya haura mita 75 ko 80 a cikin silin. In wurin ya fi haka nisa, a sa wani suwic a tsakiya.

Sai tsarin gidajenmu. A cikin ganuwa, tun daga nan Ƙofar Ran har Jahun da Nassarawa, gida ba gini ɗaya ba ne: zaure daban, turaka daban, sassan mata daban, tsakar gida a tsakiya. Dole waya ta fita sarari. Wayar cikin ɗaki mai riga toka-toka ko shuɗiya ba ta jure rana. Shekara ɗaya zuwa biyu rigar za ta bushe ta tsattsage, damina ta shiga, ruwa ya bi cikin waya har bakin na'ura. Akwai baƙar waya mai riga biyu da aka yi domin waje, ita za ku nema, ko ku binne bututu ku zura ta ciki, ku toshe bakinsa saboda ɓera da gara.

Waya mai rigar ƙarfe a ciki, wadda ake cewa tana kare hayaniya, tana da amfani kusa da manyan injina ko ɗakin janareto. Amma sai an sauke rigar nan zuwa ƙasa ta hanyar da ta dace, da kai na ƙarfe da akwatin da ke haɗe da sandar ƙasa. Yawancin gine-ginen da nake shiga ba su da wannan. In babu shi, kun kashe kuɗi a banza, wani lokacin ma kun jawo matsalar da ba a da ita.

In kun tambaye ni abin da zan sa a sabon gini yau, zan ce Cat6 ta jan ƙarfe zalla, a bututu mai wadata. Dalilina shi ne, a cikin duk kayan da za ku sa, waya ce ta fi daɗewa. Kwamfuta za a sauya, suwic zai ƙone a sayi wani, amma wayar da aka rufe da filasta za ta zauna shekara goma sha biyar ko ashirin, kuma kuɗin fasa bango ya fi bambancin farashin kwali. Cat6A ku ajiye ta don 'yan layukan da ke ɗauke da kayan kowa: daga uwar na'ura zuwa babban suwic, daga bene zuwa bene, ko zuwa na'urorin wayifai na zamani da ke rataye a silin suna shan wuta mai yawa. Kuma duk inda kuka ja ɗaya, in hali ya yi ku ja biyu, ku bar rarar mita ɗaya ko biyu a naɗe a sama. Ku rubuta lamba a bakin nan da bakin can, ku zana taswirar a takarda ku ba mai wurin. Wata rana wani yaro zai zo gyara, mai yiwuwa ma ɗayanku ne.

Tsakanin gini da gini kuwa, musamman a makarantu da asibitoci masu faɗin fili, ku cire jan ƙarfe daga lissafi gaba ɗaya. Kun san hadarin farkon damina a garin nan da irin tsawarsa. Ba sai aradu ta faɗa kan wayar ba, ko kusa ta sauka, doguwar wayar ƙarfe za ta kwaso ƙarfin ta kai shi cikin suwic na nan da na can, a wayi gari ramuka sun mutu a jere. Zaren gilashi, wato faiba, ba ya ɗaukar wuta ko kaɗan, kuma mita 100 ba komai ba ce a wurinsa, wani irinsa yana tafiyar kilomita 10 ba tare da taimako ba. Ana samun sa da kawunansa a haɗe daga masana'anta, sai ƙananan akwatuna biyu masu juya haske zuwa lantarki, ɗaya a kowane gefe. Na'urar ɗinke shi ce mai tsada, amma ba dole kowa ya mallaka ba. Ku haɗu ku huɗu ko biyar, ku tura mai natsuwar hannu a cikinku ya koyo ɗinkin a Jos ko Kano ko Abuja, ku yi adashi ku sayi ɗaya tsakaninku.